Malfar Ɗela

Kwana biyu da dawowar Ɗela daga Magarya, bororo ya tashi a bayan hannunta na dama, wani a wuya, wani a saman kunnenta na hagu. Ita ba ta damu ba, don an gaya mata za a yi haka. Surukarta Tabawa, wadda kuma gwaggonta ce, ita ta kama hannun tana juya shi a rana kamar mai duba ƙwai a kasuwa.

"Wannan shi ne maganin?"

"Shi ne, Gwaggo. Likita ya ce zai yi ruwa, ya bushe, ɓawon ya faɗi da kansa. Kada dai a fasa shi."

"Kin tafi da ƙurji busasshe, kin dawo da mai ruwa, kina ce min magani. Me ya zuba miki?"

"Wani ruwa ne mai sanyi a butali, wata kwalba ta ƙarfe. Azot yake ce masa. Fesawa yake yi, sai wurin ya yi fari fat, ya ɗan yi zogi."

"Sanyi," in ji Tabawa, ta saki hannun. "Mace da cikin wata takwas, a fesa mata sanyi. Duk cutar duniya ta ina take shiga jiki in ba ta sanyi ba?"

Ɗela zabiya ce. Shekararta ashirin da huɗu, amma ranar ƙasar Yekuwa ta riga ta ci wuyanta da hannuwanta, ta bar musu tabo-tabo masu kaushi. Kumburin ƙafa ne ya sa aka tura ta awo Magarya, a can ne Likita Abdussalam, wanda ke duba kowace irin cuta daga zazzaɓi har karaya, ya lura da kaushin. Ya ce irin wannan shi ke juyawa ya zama ciwon daji in aka bar shi. Na hannu da na wuya fesawa ɗaya ta ishe su. Na kunne ya yi kauri, sai an maimaita sau biyu ko uku. Azot ɗin daga Damagaram ake kawo masa duk Alhamis ta farkon wata, kuma ba ya ajiyuwa, tururi yake yi ya tsere, don haka ranar ce kawai ranar. Ko dala ba a karɓa. Ya rubuta mata randebu, wato ranar dawowa, a karne, ɗan littafinta na asibiti, ya karɓi lambar mijinta Barau tunda ita ba ta da waya, sannan ya ba ta wata malfa mai faɗin baki, shuɗiya, mai igiyar ɗaurewa a haɓa.

"Muddin yana sama-sama, sanyi zai kashe shi," ya ce mata. "In ya yi saiwa, ya fi ƙarfin butalina. Ki ƙi rana kamar yadda kike ƙin wuta."

Bayan kwana goma sha biyu ɓawon hannun ya faɗi, na wuyan ma haka, fata ta fito sumul. Ɗela ta kai hannun har gaban Tabawa da murnarta. Tabawa ta duba, ta ce ai man shanun da ta shafa mata ne ya yi aiki. Na kunne kuwa ya ragu amma bai tafi ba. Ɗela ba ta iya ganinsa, idonta na zabiya ko a madubi ba ya kama mata da kyau, da ɗan yatsa take auna shi kowace safiya. Lokacin bai wuce ƙwayar dawa ba.

Malfar kwana huɗu ta yi a kanta. Ranar da ta sa ta zuwa rijiya mata suka yi ta dariya, wata ta ce ga sabon ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, ya zo kama kaya. Labari ya riga ta isa gida. Tabawa ta ce a zuriyarsu ba a taɓa ganin mace da malfa ba, kuma ba a kan matar ɗanta za a fara ba. Barau ya ɗauki malfar ya gwada, ta zauna masa daidai.

"Ni da nake wuni a rana ai ni ya kamata," ya ce yana dariya. "Ke ki riƙa lulluɓa gyale."

"Yaya, gyale ba ya tare rana. Likita ya ce..."

"Likita ya ce, likita ya ce. Shi ya aure ki?"

Barau ba mugu ba ne, irin wanda ake nunawa da yatsa. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma in ya je kasuwar Mallawa yakan riƙo mata ƙosai. Abin da ke damunsa ɗaya ne: ba ya son hayaniya, kuma a gidan nan hayaniya daga ɗakin Inna, uwarsa Tabawa, take fitowa. Duk maganar da za ta tayar da ita, gara a binne ta, ko da kunnen mutum za a binne tare.

Alhamis ta farkon wata ta zo. Ɗela ta yi sammako ta ɗaure karne a bakin zane. Tabawa na zaune bakin murhu, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Cikin da ya shiga watansa za a ɗora a amalanke, a sauke a ɗora a kabu-kabu, don a je a ƙara masa sanyi? Ki bari ki sauka lafiya. Ƙurji ba ya gudu."

Ɗela ta dubi mijinta. Barau ya dubi akuya.

Ta sauka lafiya, ta haifi mace, aka sa mata Mariya. Jaririyar ta zo fara sol, gashinta kamar audugar rimi, zabiya irin uwarta. Sai da aka wuni sannan Tabawa ta ce Allah ya raya, ta hura wutar jego. Safe da yamma tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, kunun kanwa mai zafi, ɗaki kamar tanda. A nan ba za a yi wa Tabawa ƙarya ba, ta yi hidima, itacen da ta tara tun rani duk ta ƙone shi a kan Ɗela. Sai dai da Alhamis ta sake zagayowa, Ɗela ta buɗe baki, sai tsohuwar ta ajiye ludayi.

"Mai jego da sanyi? Ɗanyen jiki? So kike ki kumbura ki mutu a ce ni na kashe ƴar ɗan'uwana? Ko ruwan randa ban yarda ki sha ba, balle wanda ke hayaƙi don sanyi."

"Gwaggo, wurin bai kai farce ba. Ƙirga goma kawai yake yi ya gama."

"Kibiya ma bakinta bai kai farce ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Sai kin yi arba'in."

Ranar da yamma wayar Barau ta yi ƙara yana tsakar gida. Ɗela na ɗaki tana shayarwa, zana ce kawai tsakaninsu, ta ji komai. Anfirmiye ne, wato nas ɗin likita, ke tambayar me ya hana ta zuwa sau biyu.

"Ai ta samu sauƙi, alhamdulillahi," in ji Barau. "Duk ya baje. Mun gode, mun gode ƙwarai."

Da ya shigo ta ce, "Yaya, ya baje?" Ta juya masa kunnen. Ya kai ƙwayar wake yanzu, ga ɓawo mai tauri a kansa.

"To me zan ce musu? In ce Inna ta hana? In tona mana asiri a gaban baƙi?"

Abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda ya faɗi ƙaryar cikin ladabi, har da godiya sau biyu.

Kwana uku kafin arba'in ruwan shuka ya sauka. Wanda ya san ƙauye ya san abin da wannan ke nufi: ba mai ciwo, ba mai jego, ba mai randebu. Barau na gaba da sungumi, malfa shuɗiya a kansa, Ɗela na biye tana zuba iri tana rufewa da diddige, Mariya a bayanta. Daga shuka sai noman firi, daga firi sai maimai. Ita ke kai abinci gona da rana tsaka, ita ke jan ruwa, ita ke cirar ciyawar awaki. Gyalen da take lulluɓawa in ta sunkuya sai ya zame, kunnen ya fito fili. Takan dawo gida fuskarta ja wur, wuyanta na raɗaɗi, idonta na hawaye.

Ta roƙi a sauya mata aiki, ta yi daka da girki a inuwa, Tabawa ta riƙa kai abincin.

"Ni da gwiwar nan? Ke dai ki ce kin gaji da aure. Rana ai ita ke gasa fata ta yi ƙwari. Lallaɓa ki da aka yi tun kina yarinya shi ya sa jikinki ya zama na ganye."

Kuma da gaske take. Da hantsi sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta kwantar da Mariya tsirara, wai ta sha rana ko ta yi duhu. Ɗela ta dawo daga rijiya ta tarar da yarinyar ta yi jajir tana runtse ido tana tsala kuka. Ta ajiye tulu ta sure ta.

"Gwaggo, don Allah ban da ita."

"Ƴaƴa tara na raina. Ke guda ɗaya kika haifa za ki koya min?"

A watan da gero ya fara fitar da kai, ƙurjin ya kai gyaɗa, ya fashe a tsakiya, ya fara jini in ɗankwali ya goge shi. Ɗela ta daina kwanciya ta gefen hagu. Wata Laraba ta tare Barau a bakin rumbu, ta durƙusa har ƙasa, abin da ba ta saba yi ba.

"Yaya, gobe Alhamis ce. Ba sai ka raka ni ba. Ka ba ni izini kawai, in bi amalanken maƙwabtanmu su Labbo zuwa bakin hanya."

"Mace da goyo ita kaɗai zuwa Magarya? A ce ba ta da miji? Ki bari a gama maimai, da kaina zan kai ki."

"Haka ka ce a shuka."

"To yanzu na sake faɗa. Gobe ma rana ce."

Maimakon Magarya, wanzami aka kira. Tabawa ce ta aika masa, ta ce tunda sanyi ne ya shiga, wuta ce za ta fitar da shi, haka aka gada. Mutumin ya zo da zabirarsa, ya sa ƙarfe a garwashi har ya yi ja. Ɗela ta ce ba ta so. Ta faɗa sau uku, a fili, kowa ya ji. Tabawa ta riƙe kanta a cinya tana cewa yi haƙuri ƴata, don lafiyarki ne, Barau ya riƙe hannuwan yana kallon katanga. Ƙaurin naman ya cika gidan. Da aka gama, Tabawa ta dama mata kunu da zuma ta ba ta a baki da hannunta, tana share mata hawaye da gefen zane.

Wutar ba ta kashe komai ba. Wurin ya kumbura, ya yi ruwa, ya buɗe baki ya ƙi rufewa, gefensa ya yi tauri ya naɗe. Aka sa garin bagaruwa, aka sa toka, aka sa tofi. A haka ta yi roron wake, a haka ta yi cirar gyaɗa, ƙuda na bin ta daga kunya zuwa kunya. Wata safiya tana auna ciwon da yatsa, hannunta ya sauko ƙasan muƙamuƙi ya ci karo da wani ƙullutu mai tauri, ba zafi, ba motsi. Ba ta gaya wa kowa ba. Wa za ta gaya wa? Duk gidan an riga an san amsar kowace tambaya: ki bari a gama girbi.

Aka gama girbi, aka ɗaure dammuna, aka kai rumbu. Alhamis ɗin watan ta wuce saboda bikin ɗan ƙanen Tabawa a Dogo-Dogo, wanda ba a ɗauki Ɗela ba, aka bar ta tsaron gida. Abin da ya buɗe hanyar Magarya a ƙarshe ba roƙonta ba ne, ba jinin ba ne, ba ramar da ta yi ba ce. Wari ne. Wata rana ta dama fura ta kawo, Tabawa ta kai ludayi baki ta tsaya, ta ture ƙwaryar, ta dubi Barau.

"Kai, abin nan fa ya fara shiga abinci. Ka kai ta wurin mutumin nan nata ya san yadda zai yi da abin da ya jawo."

Wata takwas ke nan cif tun ranar da aka rubuta randebu.

Da Alhamis ta farkon wata ta sake zagayowa, suka isa Magarya da hantsi. A barandar asibitin mutane na zaune a benci, akwai zabiyoyi uku, akwai wani dattijo mai kaushi a goshi, akwai wata mata mai tsiro a yatsa. Ƙofar a buɗe take, Ɗela na jin sautin fesawar, fuuu, likita na ƙirgawa a hankali, sai mutum ya fito yana hura hannu yana murmushi. Ta ƙirga tare da shi a zuci. Goma. Abin da aka hana ta wata takwas ke nan.

Da layi ya zo kanta, Likita Abdussalam ya buɗe karne, ya dubi kwanan watan, ya dube ta. Ya gane ta. Ya kwance tsumman da ke kunnen a hankali. Ya taɓa gefen ciwon, ya gangara da yatsunsa wuya, suka tsaya daidai inda nata suka tsaya. Butalin ƙarfen na kan tebur kusa da gwiwar hannunsa, ɗan farin tururi na fita daga bakinsa. Bai taɓa shi ba.

"Wa ya sa mata wuta?"

"Ai gargajiya ce aka ɗan gwada," in ji Barau daga bakin ƙofa.

"Kai ne mijin? Kai ne ka ce wa anfirmiyena ya baje?"

Barau ya sosa ƙeya, malfar ta ɗan karkace. "Likita, abin da ya wuce ya wuce. Yanzu dai mun yarda. Ka fesa mata sanyin, ko sau nawa ne, har Inna ma ta amince."

"Malam, sanyin nan fata yake kamawa, sama-sama. Wannan ya ci guringuntsi, kuma ga alama ya sauka wuya. Ko butalin duka na juye mata, ba abin da zai yi." Ya jawo takarda ya fara rubutu. "Lopital za ku tafi, babban asibitin Damagaram, gobe ba jibi ba. Kunnen ba na jin za a iya barinsa. Za su duba ƙullutun wuyan su gaya muku sauran. Ba zan yi muku alkawarin abin da ban sani ba."

"Ba wani ɗan maganin shafawa?"

Likita ya ɗago ya dube shi, sannan ya dubi abin da ke kansa. "Malfar nan ta yi maka kyau," ya ce, ya ci gaba da rubutu.

Ɗela ba ta yi kuka ba. Ta kwance goyo ta miƙa Mariya. "Likita, duba min wannan." Ya duba kumatun, wuyan, bayan kunnuwan, ya ce fatarta lafiya lau take tukuna, amma akwai alamar ƙunar rana a kafaɗu, kada a sake. Ta gaya masa yadda ake shanya yarinyar a tabarma. Ya buɗe kabad yana neman wata malfar, ya ce sun ƙare, sai wata mai zuwa.

A ƙauye irin wannan ba ya zama laifin kowa. Za a ce ƙaddara ce, za a ce zabiya dama ba sa daɗewa, kamar wani ne daga sama ya rubuta cewa su za su kai abinci gona da rana tsaka. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya hana ta tuwo. Tsohuwa ta ƙone itacenta na shekara a kan jegonta, miji ya riƙo mata ƙosai. Kowa ya ce don lafiyarta ne. Abin da ya rage mata na kunne da na kwana, a hannun masu ƙaunarta ya salwanta, Alhamis bayan Alhamis, kowace da dalilinta mai kyau.

Ta mayar da goyonta, suka fito bakin titi. Rana ta take. Barau ya kira gida ya sa wayar a kunne, amma muryar Tabawa ba ta bukatar a kusanto ta.

"Ban faɗa ba? Tun ranar da ya fesa mata abin nan na san an gama. Sanyin ne ya shige ta. To in Damagaram za ku, ku biyo ku ajiye min yarinyar, a yaye ta haka nan. Ni zan riƙe ta."

Barau ya kashe wayar. "Kin ji Inna. Gaskiyarta, lopital ba wurin goyo ba ne."

"Da ita zan tafi."

"Ɗela, kada ki jawo mana magana."

"Wata takwas ina gudun magana, Yaya. Ga abin da na samu." Ta nuna tsumman kunnenta. "Mariya ba za ta kwanta a tabarmar Gwaggo ba, ko ina raye ko ba na raye. In ban dawo ba, na gaya wa likita, na gaya maka, kuma zan gaya wa duk wanda na gani a Damagaram."

Ya buɗe baki zai ce ta bari tukuna, ta ga kalmar tana tahowa. Ba ta jira ta ba. Ta miƙa hannu, a gaban ƴan kabu-kabu da masu sayar da rake, ta kama igiyar da ke haɓarsa ta warware, ta cire malfar daga kansa. Bakin malfar ya dafe da zufar damina guda, shuɗin ya koɗe. Ta karkaɗe ta a cinyarta, ta juya hannu baya ta kifa ta a kan Mariya, ta ɗaura igiyar a majanyi. Malfar ta rufe yarinyar tun daga kai har kafaɗu.

Barau ya tsaya da kai a buɗe, yana kare ido da tafin hannu.

"Rana fa," ya ce.

"Gasa fata take yi ta yi ƙwari," in ji Ɗela, ta nufi tashar motocin Damagaram.